Suna Linzami: Yadda Jiragen Taurari na Talabijin Suka Gaji Sunayen Jiragen Yaƙin Teku

Duk wanda ya saba kallon ƙagaggun labaran kimiyya a talabijin, irin waɗanda ake nuna mutane suna keta sararin samaniya daga wannan tauraro zuwa wancan, zai lura cewa kusan kowane babban jirgi suna biyu gare shi. Akwai nasa na kansa da aka rubuta a jikinsa, akwai kuma sunan ajinsa, wanda yake tarayya a cikinsa da sauran jiragen da aka ƙera a kan zane ɗaya da shi. Jirgin Kyaftin Picard a shirin Star Trek: The Next Generation sunansa Enterprise, amma ɗan ajin Galaxy ne. Na Kyaftin Janeway, a wani shirin na Star Trek, sunansa Voyager, ɗan ajin Intrepid. Agamemnon na shirin Babylon 5 ɗan ajin Omega ne. Masu kallo da yawa kan ɗauki wannan suna na biyu a matsayin ado kawai, abin da marubuci ke cusawa a bakin ɗan wasa don magana ta yi kama da ta soja. Ni kuwa ina ganin ya wuce haka. Al'ada ce da aka ɗauko ta ɗungurungum daga rundunonin sojan ruwan Birtaniya da Amurka, kuma ita ce hanya mafi arha da masu shirya waɗannan labarai suka samu ta gina daula sukutum a zuciyar mai kallo. Tun da kuwa aro aka yi, sunayen sukan tona asirin wane ne ake ɗauka zai mallaki gobe.

A zamanin jiragen katako masu tafiya da iska, sojan ruwan Ingila da yawan igwa suke rarrabe jiragensu. Matakai shida ne, kuma na farko shi ne mai ɗauke da igwa 100 ko fiye, kamar Victory, wanda kwamandan sojan ruwa Nelson ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805. Da ƙarfe da injin tururi suka kori katako a ƙarni na 19, ƙera jirgin yaƙi ya koma aikin masana'anta. Gwamnati ta amince da zane ɗaya, majalisa ta ware kuɗi, a raba kwangila ga maƙera daban-daban, a fito da jirage huɗu ko takwas masu injin iri ɗaya da makamai iri ɗaya. Dole a sami sunan da za a kira su da shi a takardun kasafi da na gyara da na horar da ma'aikata. Hanyoyi biyu suka kafu. Ta farko ita ce a kira ajin da sunan jirgin da aka fara amincewa da shi ko aka fara ƙerawa, kamar ajin Iowa mai manyan jiragen yaƙi huɗu, ko ajin Essex na jirage masu dakon jiragen sama, wanda Amurka ta ƙera guda 24. Ta biyu, wadda Turawan Ingila suka fi so, ita ce a zaɓi jigo ɗaya a rarraba wa jiragen sunaye daga cikinsa. A Yaƙin Duniya na Biyu suna da ajin Flower, ƙananan jiragen rakiya kusan 300 da akasarinsu ke ɗauke da sunayen furanni, da ajin Tribal mai sunayen ƙabilun da daularsu ta yi hulɗa da su ko ta mallaka, irin su Ashanti da Zulu da Somali da Nubian.

Abin lura shi ne tun a teku wannan suna bai taɓa rabuwa da siyasa ba. A 1939 aka saka wani jirgin yaƙin Birtaniya a ruwa mai suna Nigeria, 'yan uwansa kuwa su ne Kenya da Gambia da Uganda da Fiji da sauransu. Ana kiran ajin da sunan Fiji, ana kuma kiransa ajin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallakar masarautar Ingila. Wanda ya karanta jerin sunayen tamkar taswirar daula ya karanta. Da aka sayar da wannan jirgi ga Indiya, sunansa ya koma Mysore, amma ajinsa bai canza ba. Haka ma jirgin NNS Thunder na sojan ruwan Najeriya: tsohon jirgin masu gadin gaɓar tekun Amurka ne da ake kira Chase, kuma duk da sabon suna da sabuwar tuta, a ajin Hamilton ya ci gaba da zama. Mai saye yana iya raɗa wa jirgi sunan da ya ga dama, amma sunan aji na wanda ya zana ne. Har baƙin ciki ma yana taɓa shi. Lokacin da jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Thresher ya nitse a ranar 10 ga Afrilu, 1963, da mutum 129 a cikinsa, sai aka daina kiran ajin da sunansa, aka koma kiransa Permit, sunan jirgi na biyu. Ke nan duk inda ka ji sunan aji, akwai hukuma a bayansa mai kuɗi da maƙera da tarihin da take son a tuna, da wanda take son a rufe.

Mutanen da suka kai wannan al'ada talabijin a cikinta suka girma. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek, matuƙin jirgin sama mai jefa bama-bamai ne a Yaƙin Duniya na Biyu, haka ma Matt Jefferies da ya zana jirgin. Roddenberry bai ɓoye cewa labaran Kyaftin Hornblower na C. S. Forester, waɗanda suka shafi sojan ruwan Ingila a zamanin Napoleon, suna cikin abubuwan da ya gina kyaftin ɗinsa a kai ba. A takardar farko da ya gabatar a 1964, sunan jirgin Yorktown ne, kafin daga baya ya koma Enterprise. Duk Ba'amurken da ya yi wayo a lokacin yaƙi ya san waɗannan sunaye biyu: jirage ne masu dakon jiragen sama 'yan aji ɗaya, da suka yi yaƙin Midway tare a 1942, inda Yorktown ya nitse, Enterprise kuma ya fita ya zama jirgin Amurka mafi yawan lambobin yabo a yaƙin baki ɗaya. Da shirin ya fara fita a tashar NBC a watan Satumba na 1966, 'yan uwan Enterprise da aka riƙa ambata sun haɗa da Lexington da Intrepid da Farragut da Exeter da Hood da Potemkin. Hood jirgin Birtaniya ne da jirgin yaƙin Jamus mai suna Bismarck ya nutsar a 1941, Potemkin kuwa na Rasha ne da ma'aikatansa suka yi bore a 1905. Labarin na ƙarni na 23 ne, amma kundin da aka tsamo sunayen na ƙarni na 20 ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi kansa sunan ajin Enterprise na farko a hankali ya kafu, kuma yadda ya kafu yana da daɗin bi. Allon ƙarfen da aka manna kusa da ƙofar ɗakin sarrafa jirgin cewa kawai ya yi ɗan ajin Starship ne, abin da bai bambanta shi da kowane jirgi ba. Sunan Constitution ya fara leƙowa ne a wani ƙaramin rubutu a kan allon da injiniya Scotty yake karantawa a wani kashi na 1967, rubutun da ba mai iya gani a akwatunan talabijin na wancan zamani. Sai a 1975, shekaru shida bayan an dakatar da shirin, Franz Joseph ya wallafa littafin zane-zanen jiragen rundunar, ya jera aji-aji da lambobinsu, ya ba jirgin Constitution lamba 1700 don ya riga Enterprise mai 1701. Masu sha'awar shirin suka rungume shi. Ba a furta sunan da baki a allon talabijin ba sai a 1987, a farkon The Next Generation. Constitution kuwa sunan jirgin katakon Amurka ne da aka saka a ruwa a 1797, wanda har yau yake ajiye a Boston a cikin rajistar sojan ruwa. A tsakanin nan ne aron ya juya baya. Kumbon gwaji na farko na hukumar NASA daga cikin masu zuwa su dawo, da Constitution aka yi niyyar kiransa, amma wasiƙun masu kallon shirin suka yi yawa har Shugaba Gerald Ford ya sa aka raɗa masa Enterprise a 1976.

Me ya sa masu shirya talabijin suka riƙe al'adar da hannu biyu? Amsar tana cikin aljihunsu. Kafin zamanin zanen kwamfuta, kowane jirgi da ake gani a allo ɗan samfuri ne na katako ko roba da aka sassaƙa da hannu, aka saka masa fitilu, aka ɗauke shi hoto, kuma ƙera sabo kuɗi ne mai yawa. Da zarar Kyaftin Kirk na Enterprise na farko ya ce irin jirginsa goma sha biyu ne a rundunar, samfuri ɗaya ya haifi goma sha biyu ba tare da an kashe ko sisi ba. Mai kallo da kansa zai ƙarasa sauran: inda akwai jirage goma sha biyu iri ɗaya, akwai tashar ƙera su, akwai makarantar horar da hafsoshinsu, akwai majalisar da ta amince da kuɗin. Samfurin Excelsior da aka ƙera don fim ɗin 1984, da na Reliant na fim ɗin 1982 wanda aka kira ajinsa Miranda daga baya, sun ci gaba da fitowa a talabijin har ƙarshen shekarun 1990, ana sauya musu suna da lamba. A cikin labarin wannan na nufin shekara tamanin ko fiye suna aiki, sai rowar kamfani ta zama tarihin runduna mai tsofaffin jirage da sababbi. Sunan aji yakan kuma sanar da matsayi tun kafin a ga jirgin. Ƙananan jiragen da aka ba tashar Deep Space Nine a 1993 'yan ajin Danube ne, masu sunayen koguna: Rio Grande da Ganges da Yangtzee Kiang. A shirin barkwanci na Lower Decks da ya fara a 2020, jiragen da ake tura wa ayyukan da manya suka raina 'yan ajin California ne, kowanne da sunan wani gari na jihar, jirgin taurarin shirin kuma Cerritos, wani ɗan gari a gefen Los Angeles. Raha ce da ba ta aiki sai ga wanda ya riga ya san ƙa'idar.

Wani zai ce wannan duk zurfafawa ce a inda babu zurfi, domin yawancin sunayen hatsari ne da gaggawar aiki suka haifa. Yana da hujjoji masu ƙarfi. A kashin The Doomsday Machine na 1967 an buƙaci ɗan uwan Enterprise da ya ragargaje, sai aka ɗauko samfurin roba na kamfanin AMT, irin wanda ake sayar wa yara su harhaɗa, aka ƙona shi aka farfasa, aka jujjuya lambobin 1701 da ke cikin kwalin suka zama 1017, aka kira shi Constellation. Lambar ta saɓa wa kowane lissafi, kuma masu sha'awar shirin sun shafe shekaru suna neman yi mata bayani. Shekara ashirin bayan haka, a kashin The Battle, an rubuta cewa tsohon jirgin Picard mai suna Stargazer ɗan ajin Constitution ne, har ɗan wasa LeVar Burton ya faɗi haka a gaban kyamara. Daga baya aka yanke shawarar ƙera sabon samfuri mai injuna huɗu. Sake ɗaukar wurin asara ce, don haka aka nemi sunan da motsin leɓe zai dace da shi, aka ɗora murya a kai, ajin Constellation ya samu. Duk wannan gaskiya ne, amma ni a ganina hujja ce da ta koma kan mai ita. Mutum a cikin gaggawa abin da ke kusa da hannunsa yake rarumowa. Da aka nemi sunan da zai dace da leɓen ɗan wasa, wanda ya faɗo shi ne na ɗan uwan Constitution a cikin jiragen yaƙi shida na farko da majalisar Amurka ta amince a ƙera a 1794. Abin da ke fita ba tare da shiri ba shi ya fi nuna abin da ke kwance a rai.

Ƙorafi na biyu shi ne sararin samaniya ba teku ba ne, kuma 'yan sama jannati na gaskiya daga matuƙan jiragen sama suka fito, saboda haka tsarin haruffa da lambobi irin na sojan sama ya fi dacewa, kuma akwai shirye-shiryen da suka bi shi. Stargate SG-1, wanda jarumansa sojan saman Amurka ne na wannan zamani, ya kira babban jirginsa na farko X-303. A cikin jerin Star Trek, shirin Enterprise na 2001 ya kira ajin jirginsa NX. Discovery na 2017 ya ɗauko sunan ajinsa daga Scott Crossfield, matuƙin gwaji da ya fara ninka gudun sauti sau biyu a 1953. Sai dai a duba inda suka ƙare. X-303 bai daɗe ba ya zama Prometheus, waɗanda suka biyo bayansa kuma aka riƙa kiransu 'yan ajin Daedalus, da sunan na farkonsu, daidai da ƙa'idar teku. Dalilin a fili yake. Jirgin sama abin hawa ne na sa'o'i, a sauka a koma gida. Jirgin ruwa kuwa gari ne da ɗaruruwan mutane ke kwana su tashi a cikinsa wata da watanni, ƙarƙashin shugaba ɗaya da ke nesa da masu ba shi umarni, kuma irin wannan wuri wasan kwaikwayo mai dogon zango yake buƙata. Waɗanda suka kauce wa ƙa'idar da gangan ma ƙarfafa ta suka yi. A Firefly na 2002, jaruman waɗanda suka sha kaye ne a yaƙin basasa, jirginsu tsohon ɗan dakon kaya ne, sunan ajinsa kuwa na ƙwaron nan ne mai walƙiya da dare, saboda yadda bayansa ke haske idan ya taso. Babu janar, babu filin nasara. Wanda ba shi da daula, ajin jirginsa ma ba ya tinƙaho da kowa. A The Expanse kuma, da jaruman suka mallaki jirgin yaƙin duniyar Mars mai suna Tachi, abu na farko da suka yi shi ne sauya masa suna zuwa Rocinante, amma ƙirarsa na nan tana faɗa wa kowa inda ya fito.

Hatta yadda ake kiran jiragen abokan gaba gado ne na Yaƙin Cacar Baka. Ƙungiyar NATO ba ta san sunayen da Tarayyar Sobiyet ke kiran jiragenta na ƙarƙashin teku da su ba, sai ta ƙirƙiro nata, irin su Whiskey da Foxtrot da Kilo. Har rikici ya shiga: ajin da NATO ta kira Typhoon, su Rashawa Akula suke ce masa, alhali NATO ta ba wani aji dabam sunan Akula. Star Trek ya kwaikwayi wannan. Jirgin yaƙin Klingon na asali D7 ake ce masa, harafi da lamba kamar a fayil ɗin leƙen asiri, babban jirgin Romulan kuma an ji an kira shi nau'in B a wani kashi, an kira shi D'deridex a wani. Namu yana da suna mai tarihi da mai kallo zai gane ya ji wani abu a ransa, nasu kuwa lamba ce ko wani sauti mai wuyar furtawa. Da suna kaɗai an riga an gaya wa mai kallo ɓangaren da zai tsaya.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi: ai masu shirin sun yi ƙoƙarin buɗe ƙofa. A tsakiyar gaba da Sobiyet suka sa Potemkin a rundunarsu. The Next Generation ya kawo Yamato, sunan babban jirgin yaƙin Japan da Amurka ta nutsar a 1945, ya mai da shi ɗan uwan Enterprise. An ambaci jirgi mai suna Biko a 1992, Discovery ya buɗe da Shenzhou, Stargate ya ba Rasha Korolev ya ba Sin Sun Tzu. Ba za a raina wannan ba, musamman a shekarun 1960. Amma a nan ne bambancin sunan jirgi da sunan aji yake da muhimmanci. A jera ajin jiragen da jaruman Star Trek suka zauna a ciki: Constitution, Galaxy, Defiant, Intrepid, Crossfield, California. A ƙara da jiragen Babylon 5 masu sunayen Agamemnon da Alexander da Churchill. Baƙi suna samun jirgi ɗaya-ɗaya, amma zanen da kowa ke hawa yana ɗauke da harshen Ingilishi, ko tarihin Amurka, ko tatsuniyoyin Girka. Korolev da Sun Tzu duka 'yan ajin Daedalus ne, Amurka ta zana ta miƙa musu, kamar dai yadda Mysore ya ci gaba da zama ɗan ajin Fiji. Gwamnatin da ake nunawa ta duniya ce baki ɗaya, har da wasu duniyoyin, amma ofishin raɗa sunanta bai bar gaɓar Atlantika ba. Japanawa sun nuna cewa ba dole ba ne. A shirin zane na Space Battleship Yamato na 1974, sun tono jirginsu da ya nitse suka mai da shi mai ceton bil'adama, suka gina gobe daga nasu raunin da nasu alfaharin.

Ba laifi ba ne marubucin Amurka ya tsamo suna daga rijiyar da ya sani, kowa da ruwan garinsu yake wanka. Laifin yana kan mai kallon da zai sha ya ɗauka cewa babu wata rijiyar. Sunan aji a waɗannan shirye-shirye shaida ce ta tarihin talabijin, ta nuna yadda ƙarancin kuɗi ya koya wa masu fasaha dabara, kuma shaida ce ta tarihin duniya, ta nuna daulolin da suka mallaki teku a ƙarni na 20 suna shimfiɗa ikonsu har cikin mafarkin mutane. Saboda haka mai karatu, idan ka sake jin hafsa ya sanar da kyaftin cewa ga jirgi ɗan aji kaza ya tunkaro, ka tambayi kanka wa ya zana shi, kuma tarihin wa ake karramawa. Marubutanmu masu sha'awar irin wannan fage kuma su sani cewa raɗa wa jirgi suna ba ƙaramin aiki ba ne: wanda ya rubuta labarin gobe da sunayen aro, ya riga ya yarda cewa goben ta wasu ce.